Masu kwamin kifi a gida, yaya kuke yi da hunturu?

Mai tambaya, daga Bunkure:
Assalamu alaikum. Ina da kwamin siminti biyu a bayan gida, na zuba tarwaɗa tun watan Oktoba. Tun da sanyi ya kankama a ƙarshen Disamba suka rage cin abinci, in na watsa sai ya yi ta yawo a saman ruwa. Jiya da safe na tsamo matattu 7. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Daga Ringim:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Ni ma shekarata ta farko haka na yi asara, kuma da hannuna na jawo. Da na ga ba sa ci sai na ƙara musu abinci, wai ko za su yi marmari. Ashe wanda suka bari ne ke sauka ƙasa ya ruɓe, ruwan ya yi wari, amoniya, wato gubar da ruɓar ke haifarwa, ta taru. Jikin kifi zafin ruwa yake bi. Tarwaɗa ta fi sakewa in ruwa yana tsakanin digiri 26 zuwa 30, mu kuwa a nan daren Janairu yakan sauka ƙasa da 15. Yanzu ba na ba su komai da sassafe. Sai rana ta take, wajen azahar, in watsa kaɗan in tsaya ina kallo. Da sun yi sanyi da ci sai in ɗauke hannu, abin da ya rage kuma in kwashe da rariya.

Wata uwargida daga Kazaure:
Ni ƙura ce ta fi damuna, da ganyen darbejiya da iska ke zubowa. Na sa yara sun kafa mini zana ta gabas da arewa, inda iskar ke kaɗowa. Da magariba mukan rufe da tampol, mu buɗe da hantsi.

Daga Wudil:
Hajiya, ki dai riƙa barin kafa a gefe. Tarwaɗa tana tasowa ta shaƙi iska a sama, kada tampol ya kwanta a kan ruwan. Ni gora nake gittawa sannan in shimfiɗa.

Malam na Bunkure, da wane ruwa kake canji? Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ruwan burtsatse da ɗuminsa yake fitowa daga ƙasa, har tururi za ka ga yana yi da asuba. Amma in ya kwana a tankin sama ya zama kamar ƙanƙara. Na taɓa sakar wa ƙananan kifi irinsa da safe, kafin la'asar fiye da rabi sun tafi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun daga nan kai tsaye nake jawowa daga famfo in sola ta kama, kuma ba na zubar da duka, kashi ɗaya cikin uku ya isa. Ka kuma cika kwamin sosai, ruwa mai zurfi ba ya saurin hucewa da dare.

Daga Haɗejiya:
Wanda ya kwashe kifinsa ma kada ya bar kwami a bushe. Nawa na bari wata biyu, rana ta dake shi, dare sanyi, sai ga tsaga a kusurwa. Sai da na kira magini.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Wallahi ruwan tankin sama nake sakar musu bayan sallar asuba. Yau na bari sai azahar, na kuma rage abincin da rabi. Yaya na Wudil, in na rufe da tampol, kafar da zan bari ta kai kamar taƙi nawa?