Waɗanda kuka haɗa shafin intanet da kanku, ya kuka ƙare?

Mai Atamfa: Assalamu alaikum. Ina da shago a Kantin Kwari, kuma kullum masu saye daga Abuja da Legas sai sun ce in turo hotuna ta WhatsApp, har wayata ta cika. Ɗana ya ce in buɗe shafi a irin dandalin da mutum ke haɗawa da kansa, kamar Wix ko Shopify. Wanda ya taɓa gwadawa ya faɗa min gaskiya.

Maman Hanifa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Turaren wuta da humra nake sayarwa, kuma a dare ɗaya na haɗa nawa bayan yara sun yi barci. Na zaɓi zane, na ɗora hotuna, na rubuta farashi, shi ke nan. Sauƙi kam akwai. Inda na ji jiki shi ne kuɗin wata, don da dala ake biya. Da na fara a 2022 dala ba ta kai naira 500 a banki ba, farkon 2024 ta haura 1,500. Cinikina bai ninka ba, haya ta ninka uku. Ga katina na naira a lokacin ya daina aiki a waje, sai ƙanena ya riƙa biya min ina mayar masa.

Ɗan Zariya: Ni rubutu nake yi a Blogger, ban taɓa biyan ko kwabo ba. Amma a duba salon haruffa kafin a zaɓa. Na taɓa ɗaukar wani mai kyau, da na buɗe a waya sai na ga ƙ da ɗ da ɓ sun koma 'yan akwatuna.

Injiniya: Alhaji, wannan haya ce, ba gidanka ba ne. Shekara uku ina amfani da wani dandali, ranar da na so tashi na tarar ba yadda za a kwashe shafin gaba ɗaya. Kaya sama da 200 sai da na sake ɗora su ɗaya bayan ɗaya, kwana biyar ina abu ɗaya. Abin da ya cece ni, sunan shafin, wato adireshinsa na intanet, ni na saye shi da kaina, .com.ng, a wajen kamfanin da NiRA, ƙungiyar da ke kula da sunayen .ng, ta amince da shi. Da na koma WordPress masu sayena ba su ma san na tashi ba. Kada ka yarda wani ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ko ɗan uwanka ne.

Hajiya Maraɗi: A rage nauyin hotuna. Mutanenmu da waya suke shiga, data kuma tsada. In shafi ya yi jinkirin buɗewa sun wuce.

Mai Atamfa: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan fara da sayen sunan gobe in sha Allahu. Maman Hanifa, kuɗin masu saye fa, ta Paystack, masu karɓar kuɗi ta intanet, kike karɓa ko tura miki suke yi a asusu?