Mofin ɗina ya koma roba, don Allah masu gashi ku duba mini

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Likita ya ce wa maigidana ya rage ƙiba, shi kuwa ba ya shan shayin safe sai da mofin, ƙananan kek ɗin nan, guda biyu a gefe, da yamma kuma ya bi cakulan ɗin yara ya ɗauke. Kwaɓin da na saba shi ne fulawa kofi 2, sukari kofi 1, mai rabin kofi, ƙwai 2, madara kofi 1, gwangwanina kuma mai manyan gurabe shida ne. Jiya na ce bari in yi dabara. Na cire man gaba ɗaya, na zuba zuma kofi guda a madadin sukari. Sama ya yi baƙi tun ciki bai nuna ba, da ya huce kuwa sai ka ja shi yana miƙewa kamar roba. Ƙaramin yarona ya gutsura sau ɗaya ya ajiye mini a cinya. Wai a ina kalorin yake ne, kuma me zan canza ba tare da na yi asarar kaya ba?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam Maman Biyu. Ni ban iya gashi ba, amma na ɗauki biro na lissafa miki. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne, na sukari ko fulawa kusan 4. Fulawarki wajen 900, sukari 770, ƙwai 140, madara 150, rabin kofin man nan da kike ganin ba yawa kuwa 960. Jimla ta haura 2,900. Raba shida, kowane mofin ya kusa 490, ke nan maigida yana tashi da kusan 1,000 kafin ya sa takalmi. Da kwaɓin nan aka zuba a gwangwani mai gurabe 12, kowane ɗaya bai wuce 245 ba.

Zumar kuma, yi haƙuri, kofinta ya haura kalori 1,000. Ƙari kika yi a nan.

Anti Mai Kek:
Ƙanwata, na yi dariya saboda ni ma na taɓa fitar da irin wannan robar. Mai ba banza yake a kwaɓi ba. Shi ke lulluɓe fulawa ya hana ta yin yauƙin da ke sa burodi tauri, in kin cire shi duka dole abin ya yi danƙo. Rabi ake cirewa. Bar kwatan kofi na mai, ki samu ayaba ɗaya wadda ta nuna luguf, wadda bawonta ya yi ɗigo-ɗigon baƙi har yara sun ƙi ta, ki murƙushe da cokali mai yatsu ki zuba. Kalorinta kusan 105 ne, man da ta maye 480. In ba kya son ƙanshin ayaba, yogot marar sukari ko dafaffiyar tuffa da aka niƙa suna yin aikin. In yogot ne ki ƙara ɗan sodar kek (baking soda) kaɗan, tsaminsa zai taimaka wajen tashi.

Sukari ki rage kashi ɗaya cikin uku kawai, tunda shi ke riƙe danshi ya ba da launin nan. Ki barbaɗa kirfa, baki ba zai gane an rage ba. Zuma ta fi sukari saurin ƙonewa, shi ya sa saman naki ya yi baƙi. Kuma don Allah kar ki buga kwaɓin mofin kamar na kek. Juyi goma sha wani abu, da fulawa ta jiƙa ki tsaya, ko da gudaji a ciki.

Baban Yara:
Hajiya, kar a manta da alawar yamma. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sukarin da ake ƙarawa kar ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50, cokalin shayi 12, ga mai cin 2,000. Zuma ma tana cikin lissafin. Mofin ɗinki ɗaya na da yana da sukari giram 33, biyu sun riga sun zarce. Ni an taɓa cika ni da fulawa mai dusa wai ba ta sa ƙiba. Kalorinsu kusan ɗaya ne, sai dai ta fi riƙe ciki, kuma in ba a haɗa ta rabi da farar ba nauyi take yi.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti, na gwada ɗazu da ayaba da kirfa, na aro ƙaramin gwangwani wajen maƙwabciyata, 12 suka fito da laushinsu. Malam, a lissafinka kowane ya kama wajen 190 ko? Maigida bai ce komai kan ɗanɗano ba, sai cewa ya yi sun ƙanƙance, ya miƙa hannu zai ɗauki na uku. Yanzu dai sauran suna firiza, na ɓoye su bayan ledar kifi.