Ma'anar lafiya ta WHO ta yi faɗi ne?

Habibu: Jama'a, ga magana. A kundin tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wato WHO, wanda ya fara aiki ranar 7 ga Afrilu 1948, an ce lafiya ita ce cikakkiyar walwalar jiki da ta hankali da ta zamantakewa, ba rashin ciwo kaɗai ba. Ni dai na ce wannan riga ta yi wa lafiya yawa. Wanda aka sallama daga aiki, ko ya saɓa da matarsa, shi ma marar lafiya ne ke nan?

Rabi: Malam Habibu, ka manta lokacin da aka rubuta ta. A 1946 ne, ana fitowa daga Yaƙin Duniya na Biyu. Da gangan aka faɗaɗa, don kada gwamnati ta gina asibiti ta ce ta sauke nauyi, alhali yunwa da firgici na cin mutane. Mu ma ai kalma ɗaya muke wa lafiyar jiki da zaman lafiya.

Malam Isa: Malaman manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, sun ce ta'arifi, wato bayyana ma'anar abu, sai ya zama jami'i kuma mani'i: ya tattaro duk 'yan gida, ya hana bare shiga. An ce Aflatun, masanin falsafa na tsohuwar Girka, ya siffanta mutum da dabba mai ƙafa biyu marar gashin tsuntsu, sai wani masanin falsafa mai suna Diyojinis ya fige zakara ya kai masa, ya ce ga mutuminka. Wannan ma'ana ta WHO ta bar ƙofa a buɗe, talauci da rikicin aure duk sun shigo ɗakin likita.

Habibu: Yawwa, Allah ya gafarta Malam!

Rabi: Kada ka yi saurin murna. Ni inda take damuna ƙunci ne, ba faɗi ba. Kalmar "cikakkiya" ta kori kowa. Dattijo mai ciwon suga, yana shan maganinsa, yana fita aikinsa kullum, a wannan ma'auni ba shi da lafiya har abada. Shi ya sa a 2011 wata likita mai suna Machteld Huber da abokan aikinta suka kawo shawara a mujallar likitoci ta Birtaniya, BMJ, cewa a ɗauki lafiya a matsayin iya jure sauyin hali da kula da kai.

Malam Isa: To, Hajiya, wannan ma zakaran zai shiga. Mai ciwon ajali da ya rungumi ƙaddara, ai ya jure. Lafiyayye ne?

Rabi: Ban ce ba ta da rami ba, Malam.

Habibu: To wacce za mu riƙe? Har yau dai WHO ba ta taɓa ko kalma ɗaya a tata ba.