Dusar kunu ta jawo mini gafiya bayan ɗaki

Maman Sadik (Jos): Assalamu alaikum 'yan zaure, ya ruwa? Shawara nake nema. Kunun zaki nake yi na sayarwa, kullum mudu biyar na gero da ɗan tsiro. In na dawo daga markaɗe na tace, dusar takan kusa cika bokitin fenti. Da rani shanyawa nake in sayar wa masu tumaki. Tun shigowar Yuli kuwa rana ba ta cika awa biyu a garin nan, sai na koma zubawa gindin gwanda a bayan ɗaki, wai ta zama taki. Ashe gayya na yi. Ga ƙuda, ga ɓeraye, shekaranjiya da asuba kuma na ga gafiya kamar 'yar kyanwa ta faɗa rami gindin katanga. 'Yan tsakina bakwai, yau saura huɗu. Yaya zan yi da dusar, yaya zan yi da baƙin?

Hajiya Babba (Zariya): Wa alaikumus salam. 'Yata, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kin kafa musu gidan abinci kyauta, kina so su ƙi zuwa? Fara da kwashe abin da ke gindin gwandar nan yau, kafin magariba.

Amarya (Kano): Anti, ki sayo shinkafar ɓera ki cakuɗa da dusar kawai. Kwana biyu kin huta.

Malam mai kiwo (Bauchi): A'a Amarya, kada ta soma. Gida da kaji, da yara masu rarrafe? Kazar da ta tsattsagi dusar ta tafi, kyanwar da ta ci mataccen ɓeran ita ma ta bi shi. Kuma ɓera ba ya mutuwa inda ya ci, sai ya shige silin ko ƙarƙashin gado, ki kwana uku kina neman inda wari ke fitowa. Ni na yi wannan gangancin shekarun baya, zabi biyu na rasa. Maman Sadik, dusarki kuɗi ce, ruwan da ke jikinta ne matsalar. Jiƙaƙƙiyar dusa kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne, shi ya sa kwana ɗaya take tsami, kwana biyu zuwa uku ta yi funfuna. Ki zuba ta a buhun shinkafa, ki ɗaure baki, ki ɗora dutse kamar yadda masu garin rogo ke matse rogonsu. Zuwa azahar ta tsane. Daga nan in kin sauke ruwan kunu, murhu na da sauran garwashi, ki baza ta a tire ko tsohon kwanon rufi a kai, kina juyawa. Ba sai kin jira rana ba.

Maman Sadik (Jos): Malam, gawayi fa ya yi tsada.

Malam mai kiwo (Bauchi): Ban ce ki hura sabo ba, Hajiya. Zafin da zai tafi a banza nake nufi.

Anti Ladi (Tudun Wada, Jos): Maman Sadik, ashe garinmu ɗaya. Bari in gaya miki yadda ake yi a layinmu. Maƙwabciyata burukutu take dafawa, dusar da take fitarwa ta ninka taki sau nawa, amma ban taɓa ganin ta kwana a gidan ba. Masu alade sun san ranar girkinta, da baro suke zuwa, wani har kuɗi yake ajiyewa tun kafin ta jiƙa dawa. Abin da ya rage miki shi ne ki samu mai ɗauka tsayayye. Akwai yaron da ke tara wa babansa abincin awaki nan kusa da mu, in kin yarda in turo shi.

Baban Ummi (ma'aikacin lafiya): Ni ba gafiyar ce ta tayar mini da hankali ba, ƙananan ɓerayen ne, saboda abin sha take sayar wa jama'a. Zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin wani ɓera mai nonuwa da yawa ake ɗaukarsa, in sun taɓa abinci ko kwano. A garin Lassa na jihar Borno aka fara gano shi a 1969, kuma a asibiti a nan Jos aka yi jinyar na farkon, a 1970 ma ya ɓarke a garin. Ya fi tsananta da rani, amma ɓeran da ya saba da gida da damina ba ya tashi don kaka ta yi. Saboda haka gero, tsiro, abin tata, ludayi, robobin kunu, duk su kwana a cikin abu mai murfi. Kada a shanya tsiro a ƙasa. In tarko ya kama, a sa leda a hannu a ɗauka, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu.

Maman Sadik (Jos): Innalillahi. Tsirona a tsakar gida yake kwana a kan buhu. Yau zai koma cikin daro da murfi.

Ɗan Maraɗi: Mu nan ko tiya guda ta dusa ba mu yarda ta lalace, bisashe na jira. In ta yi maki yawa, ki matse ta ki danna cikin durom na roba, ki tattake sosai kar iska ta samu wuri, ki barbaɗa gishiri bisa, ki rufe da leda da murfi. Za ta yi tsami mai ƙamshi, ba ruɓa ba, ta yi makonni. Kusu bai jin warinta. Sai dai akuyar da ba ta saba ba a fara mata da tafi guda, a haɗa da harawa da 'yar kanwa. In ta cika ciki da ita lokaci guda kumburi za ta yi. Wadda ta yi kore ko baƙi kuwa a binne, ko kaza kar a ba.

Amarya (Kano): To ai da citta da barkono ake markaɗa kunun. Kaji za su ci?

Malam mai kiwo (Bauchi): Tsuntsu ba ya jin yajin barkono, Amarya, ki zuba ki gani. Akuya ce ke shinshinawa ta yi tsaki ranar farko. Amma kada a riƙe 'yan tsaki da ita zalla, ƙarfin geron ya bi kunu, saura ɓawo. Batun tsakin da suka ɓace kuma, ban ɗora wa gafiya ba. Ita hatsi da gyaɗa da 'ya'yan itace take kwasa a kumatu ta kai rami. Manyan ɓerayen gida kan ja ɗan tsako da dare, muzuru ma haka. Abin da na fi tsoro shi ne maciji, don inda ɓera ya yi yawa gamsheƙa na biye, ga ƙwai ga tsaki. Ki duba akurki da tocila, ba da hannu ba. Ki sa masa ragar waya mai ƙananan ido, ki ɗaga shi daga ƙasa, ki sare ciyawar bayan ɗakin.

Hajiya Babba (Zariya): Kuma in kun ga jaba ku ƙyale ta. Wari ne da ita, amma kyankyaso take ci, ba ruwanta da hatsi. Bushiya ma ƙwari take bi.

Malam mai kiwo (Bauchi): Har mujiya, Hajiya. Babu mai cin ɓera kamarta, mu ne ke jifanta.

Hajiya Babba (Zariya): Wannan kam Malam riƙe abinka. Ba a kan rufina ba.

Ɗan Maraɗi: Ku daina zagin burgu, a Tanzaniya horar da shi ake yana shinshino nakiyoyin da aka binne a ƙasa, har tarin fuka yake ganowa cikin majina.

Amarya (Kano): To a kai na Anti can ya samu aiki.

Maman Sadik (Jos): Kun sa ni dariya alhali raina a ɓace. Takin fa? Gwandar ta yi kyau wallahi.

Malam mai kiwo (Bauchi): In taki kike so, rami za ki haƙa nesa da ɗaki, zurfin gwiwa ko fi. Dusa kaɗan, busasshen ganye da toka da kashin kaji a kai, ƙasa ta rufe, ki ɗora kwano da dutse. Zubawa a fili ne ba ya yi.

Maman Sadik (Jos): Bayan kwana shida ga labari. Yaron Anti Ladi na zuwa kullum da la'asar, ba na karɓar kuɗi, babansa ya ce da ƙaramar akuya in an haihu. Na kwashe gindin gwanda na zuba toka. Tarko ya kama ɓera biyar a dare uku, jiya bai kama komai ba. Tsaki huɗu na nan. Gafiya ce dai har yanzu, na toshe ramin da fasassun kwalabe da siminti, ta ɓullo ta gefen makewayi.

Anti Ladi (Tudun Wada, Jos): Bar ta, ranar Asabar samarina za su zo da hayaƙi. Sun ce ladan aikinsu ita ce.

Baban Ummi (ma'aikacin lafiya): Anti Ladi, duk bayanin da na yi?

Anti Ladi (Tudun Wada, Jos): Na karanta musu, likita. Sun ce za su zo da leda.