Masu rubuta wa yara tarihin matan da suka buɗe hanya a wasanni, ku zo mu ji yadda kuka yi

Malamar firamare, Bauchi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina rubuta ƙaramin littafi mai hotuna a kan Chioma Ajunwa domin 'yan aji uku da huɗu, kuma na san a cikinmu akwai waɗanda suka riga ni shiga wannan aiki, shi ya sa nake son jin ta bakinku. A gasar Olamfik ta 1996 a Atlanta ta yi dogon tsalle na mita 7.12 tun a yunƙurin farko, ta ci zinare, kuma kafin ita babu ɗan Najeriya, mace ko namiji, da ya taɓa cin zinare a Olamfik. 'Yar sanda ce, ta kuma taɓa buga wa Super Falcons, ƙungiyar matan Najeriya, ƙwallon ƙafa. Da na ga lambar ba ta shiga kan yara, sai na fitar da su bayan aji, muka auna nisan da tef ɗin tela, muka ja layi biyu da toka. Kowa ya gwada, babu wanda ya kai ko rabi. Daga nan ne suka fara tambayata ko wace ce ita.

Ga inda na cije. A 1992 an dakatar da ita shekara huɗu kan gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari, ita kuma ta dage cewa ba ta da laifi. In saka wannan a littafin yara ko in tsallake?

Marubuciya, Gombe:
Wa alaikumus salam Malama. Ki saka, don Allah. Yaron da kika ɓoye wa yau, gobe zai gani a waya, daga nan ya daina yarda da sauran abin da kika faɗa masa. Kuma in kin cire shekara huɗun nan kin cire zuciyar labarin, domin dawowarta ce ta sa tsallen ya yi nauyi. Jimla biyu sun isa: abin da hukuma ta yanke, da abin da ita ta ce. Kada ki yi mata alƙalanci.

Ni a kan Derartu Tulu ta Habasha na yi nawa. Na zaɓe ta ne saboda ta tashi tana kiwon shanu a Bekoji, kuma yaranmu na rugagen Dukku da Nafada ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan rayuwa. Ta ci tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, ita ce baƙar fata 'yar Afirka ta farko da ta ci zinare a Olamfik. Bayan tseren ta kama hannun Elana Meyer, farar fata 'yar Afirka ta Kudu da ta zo ta biyu, suka zagaya fili tare, a daidai lokacin da ƙasar Meyer ke fita daga mulkin wariyar launin fata. Wannan zagaye shi kaɗai na ba shafi biyu, babu rubutu sai layi ɗaya. Littafi mai shafi 32 ba ya ɗaukar rayuwar mutum gaba ɗaya, dole ki zaɓi rana ɗaya ki gina komai ya nufe ta.

Mai zane, Bauchi:
Hajiya ta yi gaskiya. Ni tawa matsalar tufafi ce, kuma duk mai wannan aiki a garin nan zai ci karo da ita. An ba ni zanen Nawal El Moutawakel ta Maroko, wadda ta ci gudun tsallake shinge na mita 400 a Los Angeles a 1984, shekarar da aka fara yi wa mata wannan tsere a Olamfik. Musulma ce, amma da gajeren wando da singileti ta yi gudun, haka hotunan suka nuna. Mai littafin ta ce in sa mata hijabi don iyaye su saya. Na ce mata Anti, littafin tarihi muke yi, ba zan sa wa mace kayan da ba ta sa ba. Muka yi ta ja-in-ja har muka sami mafita. A shafin tseren na zana ƙafafunta kawai daga gwiwa zuwa ƙasa, takalmi mai ƙusa yana haye shinge. A shafi na gaba fuskarta ce ta cika takarda, gumi da hawaye. Sannan ga tutar Maroko ja a hannunta, ga mutanen Kasabalanka sun fito titi cikin dare suna murna. Ban yi ƙarya ba, ban kuma zana abin da zai sa a hana littafin shiga gida ba.

Uban 'yan mata, Azare:
Malam mai zane, Allah ya yi maka albarka. Ni ba marubuci ba ne, mai saye ne, kuma ina buɗe kowane shafi kafin in miƙa wa 'ya'yana. Roƙona ga marubuta shi ne ku haɗa da waɗanda suka yi wasa da shigarsu ta mutunci, kamar Ibtihaj Muhammad ta Amurka da ta yi wasan takobi da hijabi a Rio a 2016, ta kuma samo tagulla tare da tawagarta. A ƙwallon ƙafa ma tun 2014 aka amince mata su rufe kai a fili. 'Yata ta tsakiya tana son gudu ƙwarai, kuma tambayar da take yi mini kullum ita ce ko dole sai ta cire ɗankwali.

'Yar Misau mazauniyar Gombe:
Duk sunayen da aka kawo na nesa ne, wannan kuwa yana damuna. Namu fa? Gwaggona ta yi wa makarantarta gudu tun zamanin Jihar Arewa maso Gabas, kafin a ƙirƙiri Bauchi a 1976, daga baya ta zama malamar motsa jiki har ta yi ritaya. Kofinta yana nan a cikin kabad, a bayan tangaran, ya yi baƙi, rubutun jikinsa sai an kai shi rana ake iya karantawa. Jikokinta da ke wasa a ɗakin ba su san na mene ne ba. Babu hoto ko ɗaya, babu jarida.

Da na ce zan rubuta labarinta, cewa ta yi, ke 'yar nan, wa zai karanta gudun tsohuwa? Sai da na bi ta hannun Baffa kafin ta yarda, da sharaɗin ba za a sa sunan mahaifinta ba, domin bai so gudun ba, kuma ba ta son a zarge shi bayan ransa. Na amince. In na tambaye ta shekara ko sakamako, sai ta ce ta manta. Amma da na tambaye ta me ta sa a ƙafa, sai baki ya buɗe. Babu takalmi ta yi gudun, da asuba ake share fili a tsince ƙaya, a ja layi da farar ƙasa. Mahaifiyarta ce ta ɗinka mata siket da wando a ciki, da dare, a hasken aci-balbal. Duk abin da ta faɗa ina kai wa ƙawarta da suka yi makaranta tare, abin da bakinsu ya zo ɗaya shi nake rubutawa, inda suka saɓa in ajiye. Tsofaffin nan suna ta tafiya, 'yan uwa. Akwai irinta a Katagum da Kaltungo da Billiri, waɗanda suka yi gudu da ƙwallon hannu ba wanda ya rubuta.

Mai shagon littattafai, Gombe:
Nawa gajere ne. Kafin a buga, ku nemi a ciro muku kwafi ɗaya ku duba da idonku. An taɓa kawo mini littafi mai kyawun zane, amma duk ƙ da ɗ da ɓ sun koma akwati-akwati saboda rubutun da maɗaba'ar ta yi amfani da shi bai san su ba. Kuma ku ɗinke tsakiya da zare, wanda aka manna da gam ba ya jure hannun yara.

Malamar firamare, Bauchi:
Na gode ƙwarai. Hajiya, ga yadda na rubuta shafin, ki duba mini: "Wata rana aka ce an ga maganin da aka hana a jikin Chioma, aka hana ta gasa shekara huɗu. Ta ce ba ta yi laifi ba, ta yi kuka, amma ba ta daina atisaye ba." Kukan da atisayen sai na tabbatar daga hirarrakinta kafin in bar su, in ban samu ba in goge. Yaya 'yar Misau, ina da hutu ƙarshen zangon nan. In Gwaggo za ta yarda, zan zo da Malam mai zane ya ga kofin da idonsa, ta kuma kwatanta masa ɗinkin siket ɗin.