Abin da aka tsayar a kan ƙuduji da garmani a Damagaram

Manoma da makiyayan Mirriya da Magarya sun zauna da malaman gona a Damagaram, kuma ƙuduji ne ya cinye rabin zaman.

Ƙuduji ɗan gida ne, a nan Afirka ya samo asali, shi ya sa jininsa ya rarrabu. Na hatsi da dawa ba ya barbarar kansa, ƙwari ke kai garin fure daga wani tushe zuwa wani. Saboda haka irin dawar da ya jure masa a wani gari yana iya faɗuwa a naka. Shawara ita ce a gwada sabon iri a gefen gona kafin a baza shi. A tuge ƙuduji kafin ya yi 'ya'ya, domin tushe ɗaya na zubar da dubbai, su kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Wannan, a ganina, ya fi komai gaggawa. A ƙara taki, a riƙa sauya hatsi da gyaɗa.

Malaman sun ce wani naman gwari da ake kira Fusarium na kashe ƙuduji, amma a fara gwada shi a ƙasarmu.

Garmani kuwa, da ya mamaye burtali kuma dabbobi na ƙyamarsa, a nome shi kafin fure, a shuka yakuwa ko tafasa su danne shi.