Bindigar PCP ɗina tana rage iska cikin dare, harbin farko kuma yana sauka ƙasa

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku, yaya zafi? Shawarar masana nake nema. Bindigata ta iska ce, irin wadda ake cikawa da famfo da ake kira PCP, 5.5 mm, ba ta da regileta (na'urar da ke daidaita matsin iskar kowane harbi), kuma matsin iska 200 bar aka rubuta a jikin silindarta. Abu uku take yi mini. In na cika ta da la'asar zuwa 220, da safe sai in tarar agogon matsi ya sauka wajen 195, bayan kwana uku ya kai 150 ba tare da na harba ko ɗaya ba. Na biyu, harbi bakwai zuwa takwas na farko ƙasa suke sauka a mita 30, sai daga baya ta dawo daidai. Na uku, ƙwayoyin sun daina taruwa waje ɗaya kamar da. Wani mai gyaran babur ya ce in ɗiga mata man inji a bakin cikawa, wani kuma ya ce in kai wa mai walda ya cika mini daga tukunyarsa in huta da bugun famfo. Ban yi ko ɗaya ba tukuna. Don Allah a taimaka.

Maƙerin Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka gode wa Allah da ka tambaya kafin ka aikata, domin waɗannan shawarwari biyu duka suna iya kashe mutum. Tukunyar mai walda oksijin ce a ciki. Oksijin a matsi mai yawa in ya haɗu da giris ko roba, wuta yake kamawa nan take, silindar ta tarwatse a hannunka. Man inji, man keken ɗinki, duk wani mai da ya fito daga fetur, shi ma yana iya kamawa idan iska mai matsi ta bugo shi da sauri. Busasshiyar iska ko naitirojin kawai ke shiga silinda, giris kuwa na silikon kaɗai. Kwamfaresan mai faci ba ya wuce bar 8 zuwa 10, saboda haka kada ka ɓata tafiyarka can.

To, batun raguwar iska. Kada ka ɗora wa yoyo laifin duka. Iskar da famfo ya tura da zafinta take shiga, ga kuma zafin la'asar na Damagaram a wannan wata. A wajen bar 200, duk sanyin digiri 10 yana sauke agogo kusan bar 7. In iskar ta shiga tana digiri 50 ta kwana ta koma 28, bar 15 sun tafi ke nan ba tare da ɗigo ɗaya ya fita ba. Amma saukar da ta ci gaba har 150, wannan yoyo ne ba makawa. Lissafin nan yana aiki ta baya ma: bindigar da aka cika da safe aka bari cikin mota a rana tana iya ƙara fiye da bar 20 a kan abin da aka zuba mata. Wanda ya riga ya wuce iyaka da 20 sai ya duba inda ya kai kansa.

Ka cika ta zuwa 180, ka bari awa ɗaya ta huce, ka cire ƙwaya, sannan ka dama ruwan sabulu mai kumfa ka riƙa shafawa da gashin kaza ko ɗan buroshi. Ka fara da bakin cikawa, domin a garin nan shi ya fi kawo ƙara: ƙurar hunturu tana shiga ramin, famfo ya tura ta kan zoben robar da ke rufe ƙaramin bawul ɗin ciki. Sai kewayen agogo da ɗan ramin da ke bayansa, sai mahaɗar silinda gaba da baya. Ka ba kowane wuri minti biyu zuwa uku, ƙaramin yoyo ba ya gaggawar nuna kansa. Babban bawul kuwa sabulu ba ya kai masa. Shi sai ka rufe makullin ƙwaya, ka ɗaura balan-balan a bakin bututu ka bar shi ya kwana. In akwai abin rage ƙara a gaba ka cire shi tukuna, don yana da ramukan da iska ke sulalewa. Balan-balan ya kumbura, babban bawul ne. Wani lokaci ƙwayar yashi ce kawai ta zauna a mazauninsa, harbin iska zalla sau biyar zuwa goma yana fitar da ita. In bai tsaya ba, kan bawul ɗin ya ci, sai canji.

Idan ka gama ka goge sabulun tas, yana kawo tsatsa. Kuma kada ka taɓa noti ko ɗaya da iska a ciki. Ka harba ta babu ƙwaya, bakinta yana kallon tarin yashi, har ta daina ƙara gaba ɗaya. Kada ka yarda da agogo shi kaɗai, allurarsa tana maƙalewa. In kana kwance abu ka ji ya yi tauri fiye da kima, ka tsaya: sau da yawa iska ce ke riƙe da shi.

Ɗan Mirriya ya amsa:

Malam Maƙeri ya gama da yoyo, ni zan tsaya kan matsala ta biyu, kuma ita ba lalacewa ba ce, cikawar ce ta yi yawa. Ɗan'uwa, ka gane yadda abin yake aiki. In ka ja kunama, sifirin yana jefa guduma ta bugi bawul, bawul ya buɗe na ɗan ƙiftawa, iska ta bi bayan ƙwaya. Abin da ke mayar da bawul ya rufe shi ne matsin iskar da ke bayansa. To gudumar ƙarfinta ɗaya ne kullum. A bar 220 matsin ya fi ƙarfinta, ƙofar ba ta buɗewa sosai, ƙwaya ta fita da rauni ta sauka ƙasa. Kana ta harbi matsi yana raguwa, ƙofa tana ƙara buɗewa, gudu ya hau, ya tsaya a wani mataki na ɗan lokaci, sannan ya fara sauka saboda iskar ta ƙare. Wato bar 20 da kake ƙarawa da gumin goshinka harbin banza suke ba ka. In aka zarce sosai ma bawul yana ƙin buɗewa sam.

Abin nema shi ne tsakiyar nan inda gudu yake a tsaye. Na'urar auna gudu ta fi, akwai ƙanana da ake maƙalawa a bakin bututu. In babu, kwali ya isa. Ka ɗiga tabo goma sha biyu a kwali, ka kafa shi a mita 30 jikin bango ko tudun ƙasa, da sassafe kafin iska ta taso. Ka cika zuwa 200 daidai, ka ɗora bindigar a kan buhun yashi, ƙwaya iri ɗaya daga gwangwani ɗaya. Harbi biyar a kowane tabo, ka rubuta abin da agogo ya nuna. Za ka ga tabon da harbi ya fara zama a layi da tabon da ya fara zamewa ƙasa. A bindigogi da yawa irin taka wannan yana faɗowa tsakanin 190 da 120, amma kowacce da halinta. Lambar sama ita ce inda za ka riƙa tsayawa in kana cikawa, ta ƙasa ita ce inda za ka koma ga famfo.

Akwai masu ɗaure sifirin guduma har ƙarshe wai don ƙarfi. Ban goyi bayan haka ba. Ƙwayar dalma mai siffar turmi ta fi tafiya daidai tsakanin mita 250 da 280 a daƙiƙa. In ta kusanci gudun sauti, wajen 343, sai ta fara rawa a hanya. Ƙwaya mai nauyin giram 1.03 a gudun 270 tana ba da ƙarfin bugu jul 37 da rabi, ya ishi kwali da gwangwani har ya yi yawa. Abin da ƙarin ɗauri ke kawowa shi ne ƙara, cin iska, da gudumar da ke sake bugun bawul bayan ƙwaya ta riga ta fita. In dai za a taɓa shi, kwatan juyi kawai ake yi a lokaci ɗaya, a yi alama da biro inda aka fara, a sake gwajin kwali.

Mai Famfo ya amsa:

Gaskiya ne duk abin da aka faɗa, sai dai ba a taɓo famfon ba, kuma rabin ciwon bindigogin nan daga gare shi yake tasowa. Famfo yana matse danshin da ke cikin iska ya zama ruwa. Da rani abin da sauƙi a nan, amma daga Yuli zuwa Satumba ruwan yana taruwa ya shiga silinda, tsatsa ta ci ta daga ciki inda ido ba ya gani. A buga minti biyar a huta kwata na awa, in gindin famfo ya yi zafin da hannu ba ya jurewa to robobinsa suna ƙonewa. Bugu a hankali, har ƙasa, da ɗan tsayawa sama da ƙasa. In an gama a buɗe notin sakin iska da sauri lokaci ɗaya, shi ke fesar da ruwan da ya taru, shi kuma ke sa bawul ɗin cikawa ya rufe da ƙarfi. Buɗewa sannu-sannu tana barin shi a rabi, iskar bindiga ta biyo tiyo ta fita. A sa matatar danshi a kan tiyo a riƙa canza audugarta. Kan cikawar kuma kada a ajiye shi a ƙasa, a sa shi cikin leda.

Ɗan Mirriya, ni da zan ba shi shawara ya sa regileta ya huta da wannan lissafin kwali.

Ɗan Mirriya ya amsa:

Yallaɓai, regileta tana daidaita gudu, ban musa ba, amma tana zuwa da nata. Mazauninta in ya ci, matsi yana hawa a hankali bayan an ajiye bindiga, harbin farko ya sake bambanta da saura. Akasarinsu kuma ba a rage matsinsu alhali da iska a ciki, in aka yi mazaunin yake lalacewa. Sannan sai an sake daidaita guduma da ita: a ɗaure har gudu ya daina ƙaruwa, a sassauta ya sauko kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Babu na'urar auna gudu wannan ba ya yiwuwa. Ya fara toshe yoyonsa.

Ɗan Zango ya sake rubutawa:

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara sani. Baba Maƙeri, na yi yadda ka ce. Balan-balan bai kumbura ba, agogo ma lafiya, amma bakin cikawa yana fitar da ƙananan kumfa ba tsayawa. Zoben roba na masu kayan babur a Kasuwar Dole zai yi? Sauran kuma batun warwatsewar ƙwaya.

Maƙerin Birni ya amsa:

Madalla, wannan shi ne mafi sauƙin gyara. Bayan ka fitar da iska duka, ka kwance bawul ɗin a kan farin ƙyalle don akwai ɗan sifirin ko ƴar ƙwaya a wasu da ke gudu ƙarƙashin gado. Tsohon zoben ka ciro shi da tsinken sakace, ba da allura ba: kwarzane ɗaya a ramin ƙarfe yoyo ne na har abada. Zobe ana saninsa da abu uku, faɗin cikinsa, kaurinsa, da taurinsa. Biyun farko ka auna su da ma'aunin masu juya ƙarfe, a milimita, kada ka gwada da ido. Na kasuwa akasari masu laushi ne, taurin 70. Suna yi a wurin da ƙarfe ya rungume su ta ko'ina, amma a bawul ɗin cikawa da kan famfo matsi yana tura mai laushi cikin tsaga ya yage shi, nan mai taurin 90 ya fi daɗewa. In babu sai na 70, ka sa, ka sani na wucin gadi ne. Giris ɗin silikon kaɗan, har zoben ya yi sheƙi kawai, don mai yawa ƙura yake tarawa. Tunda ka buɗe, ka haska tocila cikin silinda. In ka ga ramukan tsatsa, ko waje ya loɓa, wannan silindar ta gama aiki, ba a walda ta ba a buga ta.

Lokacin sake cikawa daga babu, ka ɗana bindigar tukuna ba tare da ƙwaya ba, ka sa makullin tsaro. In ba haka ba guduma tana danne bawul a buɗe, kana bugawa iska tana fita ta bututu. Bugun farko ka yi su da sauri har bawul ya zauna. Daga nan kada ka ajiye ta babu iska, ka bar mata ko da bar 100 robobi su zauna a matse, ka toshe ramin cikawa da marfinsa.

Warwatsewar ƙwaya kuwa, ka fara da notocin katako da na madubin hange, domin katako yana tsukewa da bushewar hunturu su saki. Sai zoben da ke bakin shigar ƙwaya. Ka ɗora ƴar takarda mara nauyi a kansa ka harba, in ta tashi ya mutu. Sai bututu: igiyar kamun kifi mai kauri da ɗan ƙyallen auduga, a ja daga baya zuwa gaba har ƙyalle ya fito fari, ban da buroshin ƙarfe. Bayan wanki tana buƙatar harbi 20 zuwa 30 kafin dalma ta sake kwanciya a ciki, kada ka yanke mata hukunci kafin nan. Ka kuma zuba ƙwayoyinka a faranti ka ware duk wadda gindinta ya lanƙwashe. In ka yi gwajin kwalin nan ka kawo mana lambobin agogo na kowane tabo, mu ga inda za ka riƙa tsayawa.